Haƙaƙƙun Hanyoyin Ruwa: Yadda Jirgi Ke Hawa Tudu da Abin da Ruwa Ke Tafe da Shi

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya tashi a ƙasar Daura ya san rijiyar Kusugu, ya kuma ji labarin da ake bayarwa a kanta. Tarihin baka ya nuna cewa a zamanin Daurama ruwa yana nan cikin rijiyar, amma wata macijiya ta hana mutane ɗiba sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe ta. Akwai darasi guda a cikin wannan labari wanda masanin kimiyyar halittu ba zai ƙi shi ba, wato duk inda ruwa ya taru, akwai wata halitta da za ta zauna a cikinsa, kuma tilas mai amfani da ruwan ya san da zamanta.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan hanyoyin ruwa waɗanda ɗan Adam ya haƙa da hannunsa, waɗanda manoman rani suka fi sani da sunan kanal. Za a duba yadda ake sa jirgi ya hau tudu a kansu, da irin siraran jiragen da suka yi tashe a Ingila, da dalilin da ya sa ba a ga irinsu a Daura ba. Daga nan sai a duba halittun da waɗannan hanyoyi ke ɗaukowa, domin nan ne abin ya shafi lafiyar ɗalibi da amfanin gonar iyayensa.

Amfanin jan kaya a kan ruwa

Haƙaƙƙiyar hanyar ruwa iri biyu ce. Akwai wadda ake yi domin kai ruwa gona, akwai kuma wadda ake yi domin jirage su bi da kaya. Dalilin yin ta biyun shi ne ruwa yana ɗauke nauyin jirgi gaba ɗaya, kuma gogayyar da ke tsakanin jirgi da ruwa kaɗan ce matuƙar ana tafiya a hankali. Saboda haka doki guda, yana tafe a bakin hanyar da igiya, yana iya jan jirgi mai ɗauke da tan 25, wato buhu 250 masu nauyin kilo ɗari-ɗari. Idan aka ɗauka raƙumi yana ɗaukar irin wannan buhu guda biyu, to sai an haɗa ayarin raƙuma 125 kafin a kwashe abin da dokin nan guda yake ja.

Wannan lissafi ne ya sa wani basaraken Ingila mai sarautar Bridgewater ya sa aka haƙa masa hanyar ruwa daga ramukan kwal ɗinsa da ke Worsley zuwa birnin Mancesta. An buɗe ta a 1761, kuma injiniyan da ya yi suna a aikin shi ne James Brindley. Ba a jima ba kuɗin kwal ya faɗi da kusan rabi a birnin. Ganin haka sai attajirai suka yi ta zuba kuɗi, aka yi ta haƙa, har hanyoyin suka haɗa manyan kogunan ƙasar da garuruwan masana'antu.

Zauren ruwa

Matsalar da masu haƙa suka fara cin karo da ita ita ce ɗabi'ar ruwa. Ruwan da ke kwance shimfiɗe yake daidai, ba ya karkata. Magina sun san wannan, shi ya sa suke zuba ruwa a siririn tiyo su gwada daidaiton kusurwoyin gini. Ƙasa kuwa tana da tudu da kwari. Idan aka haƙa hanya ta bi gangare, ruwan zai tsiyaye gaba ɗaya ya bar jirgi a kan laka.

Maganin da aka samo shi ne a yanka hanyar gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ruwanta a kwance, amma wata ta fi wata tsawo kamar matakala. A mahaɗar kowace biyu sai a gina wani ɗaki marar rufi mai ƙofa biyu, ɗaya ta ɓangaren tudu, ɗaya ta ɓangaren gangare. Ana iya kiransa zauren ruwa, domin ya yi kama da zauren gidan Bahaushe: baƙo ya shiga ta ƙofar waje, ya dakata, sa'an nan a buɗe masa ta ciki. Ga yadda jirgi ke hawa:

1. Jirgi ya shiga zauren ta ƙofar gangare, a lokacin ruwan zauren yana daidai da na ƙasa.
2. A rufe ƙofar gangare a bayansa.
3. A ɗaga wasu 'yan tagogi da ke ɓangaren tudu, a ƙarƙashin ruwa, sai ruwan sama ya riƙa kwararowa cikin zauren.
4. Ruwa yana cika, jirgi yana tashi tare da shi, har ruwan zauren ya yi daidai da na sama.
5. A buɗe ƙofar tudu, jirgi ya fita ya ci gaba da tafiya.

Idan sauka za a yi sai a juya tsarin: jirgi ya shiga zauren yana cike, a rufe, a buɗe tagogin gangare ruwa ya fita, jirgi ya sauka tare da shi. Abin lura shi ne babu injin da ya ɗaga jirgin. Nauyin ruwan da ya gangaro daga sama shi ya yi aikin.

Ɗalibi zai iya tambaya, me ya hana a buɗe ƙofa tun ruwa bai daidaita ba? Amsar tana ga matsin ruwa. A zurfin mita ɗaya, ruwa yana danna kowace murabba'in mita da ƙarfin da ya kai nauyin tan guda, kuma matsin yana ƙaruwa da zurfi. Don haka ko tazarar taƙi guda ce tsakanin ruwan ciki da na waje, ƙato ba zai iya ture ƙofar ba. Da zarar sun daidaita kuwa, yaro ma yana buɗe ta da dogon katakon da aka ɗaura mata. Daɗin daɗawa, ana yin ƙyauren gida biyu su haɗu a tsakiya da ɗan tsini mai fuskantar tudu, ta yadda ruwa yana ƙara dannawa, suna ƙara matsewa.

Wannan dabara ta daɗe. Tarihi ya nuna wani jami'in ƙasar Sin mai suna Qiao Weiyue ya gina zaure mai ƙofa biyu a babbar hanyar ruwan ƙasarsu a shekarar 984. A Nijeriya ma, madatsar ruwan Kainji da aka kammala a 1968 an yi mata zauren ruwa, domin jiragen dakon kaya su iya wuce ta a kan Kwara.

Siririn jirgi da rayuwar masu shi

Brindley da waɗanda suka biyo bayansa sun gina zaurukan tsakiyar Ingila ƙanana domin rage kashe kuɗi da ɓarnar ruwa. Tsawon kowane bai wuce kusan mita 22 ba, faɗinsa kuwa mita biyu da 'yan kai. Dole jirgi ya bi girman zaure, shi ya sa aka ƙera shi dogo siriri kamar kwami. Daga nan ya samo sunansa na siririn jirgi.

Inda tudu ya yi tsawo sai a jera zauruka da yawa. A Tardebigge, kan hanyar da ta haɗa Worcester da Birmingham, akwai zauruka 30 a jere, masu ɗaga jirgi kusan mita 67. Inda aka haɗu da kwari mai zurfi sai a gina wa ruwan gada, kamar wadda Thomas Telford ya kammala a Pontcysyllte ta ƙasar Wales a 1805, mai tsayin mita 38. Inda dutse ya tare hanya kuwa sai a huda shi. Ramin Standedge, wanda aka buɗe a 1811, ya kai kusan kilomita biyar, kuma ba a yi masa turbar doki ba. Sai a zagaya da doki ta kan dutse, mutane kuma su kwanta rigingine a kan jirgi suna taka bangon ramin da ƙafa har su fita.

Zuwan jirgin ƙasa daga wajen 1830 ya karya kasuwar waɗannan jirage. Da lada ya ragu, matuƙa da yawa suka kasa biyan hayar gida, suka kwaso iyalansu zuwa ɗan ƙaramin ɗakin da ke bayan jirgi, nan ne girki, nan ne kwana. 'Ya'yansu ba su cika samun karatu ba saboda kullum suna kan hanya. Sanyin 1962 zuwa 1963, wanda ya daskarar da ruwan na tsawon makonni, ya ƙarasa abin da ya rage na dakon kaya. Daga baya masu sha'awa suka yashe hanyoyin da suka cushe. A yau jiragen suna amfani da inji, ana yawon hutu a cikinsu, wasu kuma sun mai da su gidajen zama. Ƙa'idar gudu ba ta wuce kusan kilomita shida a awa ba, domin kada igiyar ruwa ta zaizaye gaɓa. Tun daga 2012 wata hukumar amana mai suna Canal & River Trust ke kula da kusan mil 2,000 na hanyoyin a Ingila da Wales.

Me ya hana a yi irinsu a Daura?

Duk jirgin da ya haye tudu ya tafi da ruwa. A ɗauki zaure mai tsawon mita 22, faɗin mita 2.1, wanda ke ɗaga jirgi mita 2. Idan aka ninka waɗannan za a sami kusan lita 92,400, wato abin da ya kai jarka 3,700 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Wannan ruwa yana gangarawa ne, ba ya komowa, saboda haka dole a sami tafki a can ƙololuwar hanya mai mayar da gurbinsa kullum. Hatta mashigin Panama, wanda aka buɗe a 1914, yana zubar da kusan lita miliyan 200 na ruwan daɗi a kan kowane babban jirgi da ya bi ta tsofaffin zaurukansa. Da fari ya afka wa ƙasar a 2023 sai da aka rage yawan jiragen da ke wucewa.

Abin mamaki, ruwan saman da ke sauka a Landan a shekara, kusan milimita 600, bai fi na ƙasar Daura da wani abin kirki ba. Bambancin yana ga lokaci da zafin rana. A can ruwan yana sauka kaɗan-kaɗan a kowane wata, ga sanyi. A Daura kuwa kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, sa'an nan rafuka su ƙafe. Rana da iskar hunturu suna iya shanye abin da ya kai zurfin mita biyu daga saman tafki a shekara. Ga kuma ƙasar jigawa mai tsotse ruwa. Su Brindley da yumɓu kwaɓaɓɓe suka riƙa daɓe cikin hanyoyinsu, kamar yadda ake kwaɓa ƙasar gini, amma ko an yi haka a Daura, daɓe ba ya hana rana aikinta.

Bisa ga haka, ruwan da aka tara a wannan yanki ya fi tsada a ce jirgi za a ɗaga da shi. Sha da noman rani su ne suka fi cancanta. Madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam a yankin Daura, da Jibiya da Zobe a sauran sassan Jihar Katsina, don haka aka gina su. Mafi girman misali a kusa shi ne madatsar Tiga ta Jihar Kano, wadda aka kammala a 1974. Daga can babban kanal ke kai ruwa Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir. Ƙofofin da ke raba ruwa a waɗannan kanal da ka'ida ɗaya suke aiki da tagogin zauren ruwa. Manomin da kakansa ya sha wahalar jigo, yau ƙofa ake ɗagawa ruwa ya iske shi har fangali.

Fasinjojin da ba a gayyata ba

A idon masanin halittu, kowace haƙaƙƙiyar hanyar ruwa sabon mazauni ce, kuma gada ce tsakanin ruwaye biyu da a da ba su haɗu ba. Mashigin Suez, wanda aka buɗe a 1869, ba shi da zaure ko ɗaya domin tekunan biyu kusan daidai suke. Ta cikinsa ɗaruruwan nau'o'in halittu suka ƙaura daga Bahar Maliya zuwa Bahar Rum, wasunsu suka mamaye wuraren kifayen da aka tarar. Panama ta fi samun sauƙi, domin zaurukanta suna ɗaga jirgi mita 26 zuwa tafkin Gatun mai ruwan daɗi, wanda yawancin halittun ruwan gishiri ba sa jurewa. A Amurka ta Arewa, gangaren ruwan Niyagara ya daɗe yana tare wani kifi mai baki irin na matsattsaku, wanda ke manne wa sauran kifaye yana tsotse jininsu. Hanyar ruwa ta Welland ta zagaye gangaren, aka ga kifin a tafkin Erie a 1921, daga baya ya durƙusar da sana'ar su a manyan tafkunan da ke sama.

A ƙasar Hausa, fasinja na farko ciyawa ce. Kafin a gina Tiga da kuma madatsar Challawa a 1992, kogin Haɗeja yana cika da damina ya janye da rani. Da aka fara sakin ruwa duk shekara, sai ciyawar kacala ta sami abin da take so, wato ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta toshe magudanai a fadamun Haɗeja da Nguru, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi.

Fasinja na biyu ya fi haɗari, ga shi kuma bai fi girman farce ba. Ƙaramar katantanwar ruwa ce, wadda ke ɗauke da tsutsar da ke haddasa cutar tsargiya, wato fitsarin jini. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, sa'an nan Robert Leiper ya tabbatar da zagayen rayuwarta a Masar a 1915. Ga yadda zagayen yake:

1. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a cikin ruwa ko a bakinsa, ƙwayayen tsutsar su shiga ruwa.
2. Ƙwai ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsa ta fito tana iyo. Idan ba ta sami katantanwa cikin 'yan awoyi ba sai ta mutu.
3. A cikin katantanwa take hayayyafa. Bayan makonni huɗu zuwa shida dubban 'yan tsutsotsi masu wutsiya su fara fitowa.
4. Waɗannan su ke huda fatar mai wanka ko mai wanki ko mai ban ruwa, ko da ba shi da rauni.
5. Su girma a jijiyoyin jini na mafitsara ko na hanji, su yi ta saka ƙwai shekara da shekaru.

Nau'in da ke kama mafitsara sunansa na kimiyya Schistosoma haematobium, katantanwarsa kuma Bulinus. Mai kama hanji shi ne Schistosoma mansoni, tasa katantanwar Biomphalaria. Dukansu suna son ruwa mai ɗumi, mai tafiya a hankali, mai ciyayi, kuma babu inda ya cika waɗannan sharuɗɗa kamar ƙaramin kanal na ƙasa da ba a share shi. Sanyin Ingila da rashin irin waɗannan katantanwa su suka kare matuƙan siraran jirage daga wannan cuta.

An ga wannan a aikace. A Sudan, bayan gina madatsar Sennar a 1925, tsargiya ta yaɗu a gonakin auduga na Jazira, inda Hausawa da yawa suka yi aiki, ciki har da zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a Mai Wurno. A Senegal, an kammala madatsar Diama a 1986, ta hana ruwan gishiri hawowa, ta kuma tare hanyar wani jatan lande mai cin katantanwa. Cikin shekara biyu tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard-Toll, inda a da ba a san ta ba. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan cuta a duniya, kuma yara 'yan makaranta ta fi kamawa. A wasu wurare ana ɗaukar jini a fitsarin yaro alamar balaga ce. Wannan kuskure ne. Cutar tana rage jini, tana dakushe karatu, idan ta daɗe kuma tana lalata mafitsara da ƙoda da hanta.

Hanyoyin kariya

Tun da zagaye ne, ko'ina aka yanke shi ya tsaya. Masu kula da kanal za su iya daɓe shi da siminti domin ruwa ya yi sauri, su riƙa cire ciyayi, su kuma riƙa ƙafar da ƙananan magudanai lokaci-lokaci. Manomi ya sa dogon takalmin roba idan zai shiga ruwa. A gina masai nesa da bakin ruwa, a kuma hana yara fitsari a ciki. Ruwan wanka da aka ɗebo daga kanal, idan aka ajiye shi kwana biyu, 'yan tsutsotsin sun mutu. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti. Akwai magani mai suna praziquantel wanda ake bayarwa gwargwadon nauyi ko tsawon mutum, kuma shi ake rabawa a makarantu.

Kammalawa

Zauren ruwa ya nuna yadda sanin ɗabi'ar ruwa ya sa doki guda ya yi aikin ayari. Yanayin Daura bai ba da damar sufurin jirage ba, amma kanal na noman rani yana iya ciyar da ita, kuma ana sa ran irinsu za su ƙaru. Abin da ake buƙata shi ne injiniya da masanin halittu da jami'in lafiya su zauna tare tun ranar da za a zana hanyar, domin rigakafi ya fi magani.

Aiki don ɗalibai

1. A lissafta ruwan da zaure mai tsawon mita 22, faɗin mita 4.3, mai ɗaga jirgi mita 3 zai ci. Jarka nawa ke nan?
2. A zuba ruwa a tiyo mai haske, a ɗaga baki ɗaya sama. Me ya faru da saman ruwan a ɓangarorin biyu? Yaya wannan ya danganci zauren ruwa?
3. A zana zagayen rayuwar tsutsar tsargiya, a nuna wurare uku da za a iya yanke shi.
4. Tare da malami, a ziyarci kanal ko tafki mafi kusa, a rubuta inda mutane ke taɓa ruwa da inda ciyayi suka fi yawa. Kada kowa ya shiga ruwan, kada kuma a ɗauki katantanwa da hannu sai da cokali mai dogon mariƙi.